Gaɗar 'Yan Matan Manchester

Saura kaɗan Batulu ta fasa rubuta saƙon nan. Sau uku tana farawa tana gogewa, don gurup ɗin matan Arewa na Manchester cike yake da likitoci da masu digiri bibbiyu, ita kuwa daga aji shida na firamare ba ta ƙara gaba ba. Ko gaisuwar Juma'a aka turo, amin kawai take sawa ta ajiye waya. Amma ranar nan ta daɗe zaune gaban keken ɗinkinta, ga leshi a shimfiɗe, ga almakashi a hannu, ta kasa yankawa.

Gasar rawar gargajiya ta yaran Najeriya ake shiryawa a Birmingham, saura mako huɗu, kowane gari zai kai nasa. Manchester 'yan mata shida za ta kai, babbarsu shekara takwas, ƙaramarsu biyar. A cikinsu har da Umaima, 'yar Batulu mai shekara shida, wadda tun da aka sa sunanta kullum sai ta soke kwana ɗaya a kalandar jikin firij. Anti Na'ima, wata akanta mai son harka, ita ta ɗauki nauyin shirin. Ta sayo leshi ruwan zinare a Cheetham Hill ta kawo wa Batulu har gida a Levenshulme, tunda ita ke yi wa matan ɗinki. Sannan ta turo hoto da bidiyo: riga ɗamammiya irin ta amare mai tsaga a baya, gwaggwaro, takalmi mai tsini, har da gashin ido na kanti. Rawar kuma irin wadda ƙawayen amarya ke shigowa da ita wajen dina ce, ana karya ƙugu ana juya wa mutane baya.

Batulu ta riga ta yanke a ranta, in haka za a fita, Umaima ba za ta je ba. Abin da ba ta sani ba shi ne da wane baki za ta gaya wa yarinyar. Da ta yi wa mijinta Falalu maganar yana ɗaura takalmi zai tafi jami'a, cewa ya yi, "To ki faɗa musu mana. Ai ba cizo suke ba."

"Ni? A gaban su Dakta?"

"Ke ce telar. In ba ki ɗinka ba, da me za su fita?"

Sai bayan azahar ta samu ta tura: "Assalamu alaikum. Anti ku yi haƙuri, ni dai a ganina kayan nan sun yi wa yaran girma." Ta kife wayar a kan kujera ta gudu kicin.

Kafin shinkafarta ta tsotse, saƙo ya haura sittin. Ƙarshe Dakta Raki, shugabar matan, ta rubuta cewa kowa ta yi shiru, a haɗu ranar Asabar a ɗakin taron da yara ke Islamiyya, a zo da yaran.

Ranar Asabar Batulu ta zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa. Anti Na'ima kuwa ta zo da shirinta, don ta shirya 'yarta Hajar tsaf a matsayin samfur: gwaggwaro ya tashi kamar zai taɓa silin, takalmi na ƙwas-ƙwas, baki ja.

"Ku dube ta don Allah," in ji Anti Na'ima. "Mene ne aibun wannan? Bara fa mu muka zo na ƙarshe. Yaranmu suka fito kamar an aike su sayen burodi, 'yan Landan suka fito suna walƙiya. Alƙalan nan ido gare su. Kuma kwalliya ai tamu ce, wane biki ne a Kano ba a yi wa yara?"

Maman Ja'afar, wadda ke karatun digiri na biyu, ta gyara hijabinta. "Ni fa tun farko ban ga dalilin rawar ba. A sa musu hijabi su yi waƙar Islamiyya su sauko lafiya."

"A gasar rawa? Ke ma dai, Malama! Sai a ba mu kofin ladabi," in ji Anti Na'ima.

Aka yi dariya. Wata ta ce ita rigar ba ta dame ta ba, juya bayan nan ne ba ta so, ga mutane da wayoyi suna ɗauka, ba ka san inda bidiyon zai kwana ba. Wata ta ce ai yara ne, wa zai kalle su da wata manufa? Maman Ja'afar ta ce to in yara ne, me ya kawo gashin ido? Magana ta yi ta zagaye, shayi ya huce a kofuna.

Dakta Raki ta buga cokali a jikin kofi. "Maman Umaima, ke kika tayar da zancen nan kika koma bakin ƙofa kika laɓe. Matso. In ba wannan ba, me kike so su yi?"

Batulu ta matso. Ta dubi Umaima da ke can gefe tana shafa takalmin Hajar da sha'awa. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Gaɗa."

"Me?"

"Gaɗa, Anti. Irin wadda muke yi a dandali."

Ashe a cikin mata goma sha ɗaya da ke wurin, ban da Batulu babu wadda ta taɓa yin gaɗa da ƙafarta. Wasu a gidajen ma'aikata suka tashi, ƙofa a kulle tun magariba, wasu a makarantar kwana. Sun dai san sunan, sun gani a talabijin. Batulu kuwa a ƙauyensu na wajen Ɗambatta ita ce mai ba da waƙa tun tana 'yar shekara tara.

"To nuna mana," in ji Dakta Raki.

Bayani da baki ne ke yi wa Batulu wuya, nunawa ba ta da wuya. Ta tuɓe takalmi, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta jera yara biyar kafaɗa da kafaɗa kamar rabin da'ira. Ta koya musu tafi, biyu a jere ɗaya a ware. Sannan ta ce wa Umaima ta fito tsakiya, ta yi taku uku gaba, ta juyo da baya, ta saki jiki ta faɗo.

"Mami, zan faɗi ƙasa!"

"Ba za ki faɗi ba. Aikinsu ke nan, su cafe ki."

Da farko Umaima zama kawai ta yi a hannunsu. Na biyu ta rufe ido ta sako jiki gaba ɗaya, hannaye goma suka tare ta suka cilla ta gaba, ta dira a kan ƙafafunta tana ƙyalƙyala dariya. Nan fa kowace ta ce saura ita. Batulu ba ta san lokacin da ta fara waƙar ba, sai ji ta yi ɗakin ya yi tsit, muryarta kaɗai ke tashi da tafin yara.

Anti Na'ima ta naɗe hannu a ƙirji. "Na yarda, abin ya yi kyau. Amma a yi shi cikin leshi da gwaggwaro. Hajar, shiga tsakiya ki nuna musu."

Batulu ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Hajar ta shiga tana ƙwas-ƙwas, ta yi taku uku, ta juya, ta faɗo. Gwaggwaron ya bugi hancin yarinyar da ke bayanta ya tuntsure ƙasa. Da aka cilla ta kuwa, takalmi ɗaya ya yi sama ya sauka cikin farantin cincin. Hajar ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta dubi uwarta, cikin Turancinta na 'yan Manchester ta ce don Allah a bar ta ta cire ɗayan ma, tun a mota yake cin ta.

Dakta Raki ta yi dariya har da riƙe ciki. Anti Na'ima ta ɗauko takalmin tana kaɗe masa sukari, ita ma ta kasa riƙe fuska.

"Shi ya sa ba a yin ta da takalmi, Anti," in ji Batulu. "Kuma zani ake ɗaurawa tamau, iya ƙwauri. Matsattsiyar riga yagewa take."

"Kin san haka kika bar ni na kunyata?"

"Ai kin riga kin ce ta shiga."

Daga nan ciniki ya koma kan ƙananan abubuwa. Aka tsaya a kan atamfa, zani da riga mai hannu, da ɗan kallabi. Maman Ja'afar ta ce sai an sa musu dogon wando a ciki tunda ana cilla su sama, kowa ta ce wannan gaskiya ne. Anti Na'ima ta ce leshinta fa ba zai tashi a banza ba, sai an yi wa bakin zanin ado da shi, kuma a bar mata kwalli da lalle. Batulu ta ce lalle ai dole ne, a tafin hannu da yatsu, don ya fito in suna tafi. Kafin a watse, Dakta Raki ta tuɓe takalmi ta ce ita fa sai an cafe ta ko sau ɗaya. Mata shida suka taru a bayanta, suka tare ta da kyar suna salati.

Ranar gasar, motar haya ta kwashe su tun da safe, awa biyu da wani abu suka isa Birmingham. A ɗakin shiri suka tarar da yaran wasu garuruwan, wasu cikin kayan gargajiyarsu na saƙi, wasu kuwa sai ƙyalli, fuska ta sha hoda har ba ka gane shekarunsu. Anti Na'ima ta zunguri Batulu.

"Kin gani ko? Kin ga abin da nake faɗa?" Ta zuge jaka ta fito da janbaki. "Ɗan kaɗan dai. Ba wanda zai sani."

Batulu ta tsaya tsakaninta da yaran tana gyara wa Hajar kallabi. Anti Na'ima ta yi tsaki, ta mayar da janbakin, ta fito da man leɓe ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da aka kira Manchester, Batulu ta tsaya a bayan labule da makirufo a hannu, don ta rantse ba za ta fito gaban jama'a ba. Yara shida suka fito ba takalmi, tafin hannu ja. Ta ba da waƙa, suka amsa da Hausarsu mai karkata, tafi ya kama. Hajar ta fara faɗowa, aka cafe. Kafin ta uku, wata dattijuwa a layin gaba ta miƙe ta rangaɗa guɗa, sai ga mata nan da can suna tashi suna tafin tare da yaran, biyu a jere ɗaya a ware, ba wanda ya koya musu. Umaima ce ta ƙarshe. Ta leƙo wajen labule ta ga uwarta, ta juya, ta saki jiki kamar a kan katifa.

Na biyu suka zo. 'Yan Leeds, masu rawar ƙabilar Tibi cikin baƙi da fari, su suka ɗauki kofin.

"Da da gwaggwaro, da mu ne na ɗaya," in ji Anti Na'ima, tana ta ɗaukar Hajar hoto da lambar yabon da aka ba kowace yarinya a wuyanta.

"Da da gwaggwaro, da yanzu muna neman hancin wata," in ji Dakta Raki.

Suna haɗa kaya dattijuwar nan mai guɗa ta iso, ta ce ita ce Maman Shalom, 'yar Zariya, shekararta ashirin da biyu a Birmingham. Ta kama hannun Batulu ta ƙi saki.

"Ke ce a bayan labule? 'Yata, kin mayar da ni gida yau. Amma baiti biyu kika yi ta juyawa, ina sauran? Akwai na mai tallan nono, akwai na kitso."

Batulu ta sunkuyar da kai. "Sun ɓace mini, Mama."

"To ki nemo su. Jikokina uku, kuma akwai wasu yaran a nan. In kin samo, mu za mu zo Manchester ki koya musu."

Washegari da safe, Umaima na barci da lambarta a hannu, Batulu ta jiƙa zannuwa shida a baho, ta zauna a bakin gado ta kira Innarta a ƙauye. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, waƙar gaɗar nan tamu, me ke biye da baiti na biyu?"

Inna ta ce, "Ke da ke Ingila, me za ki yi da gaɗa?"

"Ki dai faɗa mini, a hankali. Ga biro a hannuna."