Gwiwar Mai Ƙwai

A tsakiyar hawan gadar sama motar ta mutu. Injin ya ɗauke kamar an shaƙe shi, jiniya ta ɓarke daga ƙarƙashin bonet, fitilu huɗu suka shiga ƙyaftawa. Uwar Biyu ta danne birki da iya ƙarfinta ta fizgi birkin hannu, don a-kori-kurar ta fara silalowa baya, ga kiret ɗari da ashirin na ƙwai a kanta.

Ta juya ta dubi mijinta. Yana nan yadda aka jingine shi a kujerar gefe, baki ya karkace, yawu na bin haɓarsa, hannun dama a yashe kan cinya kamar na aro. Mai Ƙwai ke nan, mutumin da muryarsa ke tashi daga wannan ƙarshen kasuwa ta isa wancan. Ɗazu-ɗazu yana ɗaure igiyar kaya a ƙofar shagonsu ya sulale ƙasa. Mai tasi ɗaya da aka samu ya tsaya, da ya leƙa ya ga bakin mutumin sai ya ja motarsa, ya ce ba zai wuni a ofishin 'yan sanda yana amsa tambayoyi ba. Maƙwabtan shago suka ciccibe shi suka sa a tasa motar, ita kuma ta zaro makulli daga aljihunsa. Rabonta da taɓa sitiyari shekara uku.

Wannan ne karo na biyu da motar ta mutu. Na farko a bakin kasuwa ne. Ta kashe makulli, ta danna rimot, jiniya ta yi shiru, ta sake tayarwa. Yanzu ma hannunta ya kai kan makullin ke nan sai wani direban bas da ke bayanta ya iso taga yana haki.

“Hajiya, tsaya. Sau nawa ta yi miki haka?”

Ta ɗaga masa yatsu biyu.

“To kada ki sake. Irin wannan, in ta mutu sau uku ta kulle ke nan, sai an zo da kwamfuta.”

Ta sauke hannu. Ta san akwai wani abu a motar. Kowa a gidan ya san akwai shi, ba wanda ya san inda yake. Ka tayar da inji, sai ta ba ka minti biyu. In ba ka danna wani ɓoyayyen maɓalli ba, ta yanke mai ta kama ihu. Dabarar ita ce ɓarawo ya yi nisa da mai mota tukuna, kada ya juyo ya huce a kansa. Mai Ƙwai ya sha yin wannan bayani a gaban baƙi yana washe baki, amma da an tambayi inda maɓallin yake sai ya ce sirrin da ya wuce mutum ɗaya ya zama shela.

Daga hannunta aka sace tsohuwar motar. Ta tsaya a ƙofar kantin magani za ta karɓo wa 'yan biyu maganin tari, ta bar inji na aiki, kafin a miƙo mata leda an tafi da ita. A da, in ya kira ta Direba alfahari yake yi. Daga ranar sunan ya koma gori. Da ya samu ya sayi wannan, sai ya zama gandirobanta: sanda a sitiyari, kwaɗo a giya, sarƙa a taya, lambar mota a zane jikin kowane gilashi. Ko yayarsa in ta zo gidan sai ta ce da tsaro ne ke sa kuɗi da ƙaninta ya fi gwamna.

Bayanta hon ya cika gari. Hannu ɗaya na gadar an tare shi ana gyara, ɗayan kuma ita ta toshe. Babu motar da za ta iya wuce ta, ko da an ɗauki mara lafiyar an mayar cikin wata. Mutum biyar suka gwada turawa, hawan ya fi ƙarfinsu, suka dawo suna karkaɗe hannu. Wani ya ce a cire batir. Direban bas ya ce jiniyar da batirinta take, ka cire babban ma sai ta ƙara murya. Wata mata daga cikin bas ta leƙo tana tambaya ko an tabbata motar tasu ce, don yanzu har mata na wannan sana'a.

Uwar Biyu ta sunkuya kan mijinta.

“Baban yara, ina yake? Nuna mini da ido ma.”

Ya buɗe baki, wani gurnani ya fito, ba kai ba gindi. Idonsa ya ciko. Hannun hagunsa, mai sauran rai, ya kai kan gwiwarsa ya shiga murzawa.

“Bar gwiwar nan, don Allah. Ba ta ita muke ba yau.”

Ta laluba aljihunsa ta ɗauko waya, ta kama babban yatsansa da ya saki ta ɗora, wayar ta buɗe. Wata baƙuwar lamba na ta kira, ta katse. Ta nemo lambar mai wayarin da ya haɗa na'urar. Sai da ta toshe kunne ɗaya da yatsa kafin ta ji muryarsa.

Da farko ya tsaya kame-kame, wai oga ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har iyali. Ta ce masa ogan nasa ga shi nan rabinsa ya mutu, in ya ga dama ya riƙe rantsuwar ya kai masa kabari. Sai ya sauke murya.

“Anti, wallahi ko na faɗa ba zai yi amfani ba. Ni a ƙasan rediyo na sa shi. Bayan sati ya zo ya sayi waya yadi biyu a wurina, ya ce zai canja masa wuri da kansa. Ni ma bai yarda da ni ba.”

Ta tura hannu ƙasan rediyo duk da haka. Rami ne kawai da guntun salatif.

Baƙuwar lambar ta sake shigowa, ta sake katsewa. Mai wayarin ya ce dama ɗaya ta rage mata: ta kashe makulli, ta danna rimot sau biyu, ta tayar, ta nemo abin cikin minti biyu. Kuma sai inji na aiki yake amsawa. Ya ce ƙarami ne, bai wuce maɓallin riga ba, kuma dole ya kasance inda hannun direba zai kai ba tare da na gefe ya lura ba. Shi yana can wani gefen gari, kafin ya iso a wannan cunkoso an yi awa.

Awa. Ta tuna wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen ƙwai a wurinsu ta taɓa cewa shanyewar jiki tsere ake yi da ita, kowane minti da abin da yake tafiya da shi.

Ta shafa ƙasan sitiyari, bayan madubi, cikin aljihun ƙofa, gefen giya. Ƙura, tsofaffin rasidai, murfin biro. Direban bas ya zura kai yana lissafa mata wuraren da ya san ana sawa, wani ma ya zura nasa, taga ta cika da kawuna da warin gumi. Rana ta take. Ta jingina goshi da sitiyari, gajiyar shekara uku ta sauko mata gaba ɗaya, har ta ji da za a bar ta ta yi barci a haka da ta gode.

Sai ta ji an ja mata hannun riga. Shi ne. Ya saki rigar, ya mayar da hannu kan gwiwarsa ta hagu, ya murza sau biyu, ya zame da yatsu ƙasa ta gefe. Ya dube ta. Ya sake: murza, murza, zamewa.

Ta san wannan motsi kamar yadda ta san tarinsa. Kullum in ya shiga mota ya tayar, sai ya sunkuya ya murza gwiwar hagu yana cewa wannan gwiwa za ta kashe shi. A mota kawai. Ba ta taɓa ganin ya murza ta a kan tabarma ba, ko sa'ad da yake ɗora kiret uku-uku a kafaɗa. Amma ta saya masa man zafi kwalba nawa? Ta gasa masa ita da ruwan ɗumi sau nawa, yana kwance yana lumshe ido, bai taɓa cewa ta bari ba?

“Lafiyarta ƙalau ashe,” ta ce a hankali.

Ya kawar da ido.

Ta kashe makulli, ta danna rimot sau biyu. Shirun da ya biyo baya har ya fi jiniyar nauyi. Ta murɗa, inji ya tashi. Kawunan da ke taga suka ƙara matsowa, kowa na son ganin inda hannunta zai nufa. Ba ta san lokacin da ta yamutsa fuska ba.

“Wash, gwiwata,” ta ce, ta sunkuya.

Murza, murza, zamewa. Tsakanin kujera da ƙofa, a ƙarƙashin ɗinkin leda, yatsanta ya taɓa wani ɗan tudu. Ta danna. Wata 'yar ƙara ta tashi sau ɗaya, jar fitilar da ke ƙyaftawa a gaban sitiyari ta mutu.

“Kin samu? A ina yake?” in ji direban bas.

“Ku ba ni hanya,” ta ce, ta saki birkin hannu.

Minti biyu suka cika tana gangaren gada. Motar ta ci gaba da tafiya.

A asibiti aka karɓe shi a kan gado mai taya, aka shige da shi, aka bar ta da takalmansa a hannu. Ta sa hannu a takardu, ta kira 'yan biyu a makaranta ta ce su wuce gidan gwaggonsu. Gwaggon ta kira ta da kanta, tambayarta ta biyu ita ce wa ya tuƙa motar. Bayan awa biyu likita ya fito, wani dogo da idonsa ya faɗa don gajiya. Ya ce an kawo shi a bakin gaɓa, da an ƙara rabin awa da zancen ya sha bamban. Rai dai an samu. Hannu da ƙafa za a gani a hankali. Magana kuwa, wata uku, shekara, ko ta dawo ko kada ta dawo; ba zai yi mata alkawari ba.

Ta leƙa ta ga mijinta, idonsa biyu. Ta tsaya a gefen gadon, ta gyara masa bargo ta rufe gwiwar.

Sai a lokacin ta tuna da ƙwai, kiret ɗari da ashirin cikin rana tun hantsi. Ta fito tana jan ƙafa zuwa wurin ajiye motoci, tana tunanin wa za ta kira ya zo ya kwashe kafin su dahu.

Wani mutum na tsaye a gaban motar, mai farar riga da kati rataye a wuya, yana duba lambar da ke zane a gilashi yana gwadawa da wayarsa. Bayansa wata motar janwe ta ja ta tare hanya. Ya gaishe ta cikin ladabi, ya tambaya ko ita ta tuƙo motar nan. Ta ce ita ce, ta mijinta ce.

Ya ce shi daga kamfanin da ke bibiyar motar yake. Ita ba ta ma san da wani kamfani ba. Ya yi mata bayani a natse, kamar mai karanta takarda: jiniya ta tashi sau biyu, sun kira lambar mai mota sau biyu ana katsewa, don haka bisa yarjejeniyar da shi da kansa ya sa wa hannu, an shigar da rahoton sata. 'Yan sanda na hanya, za su tafi da motar da wanda aka samu da makullinta.

Ta dubi makullin a hannunta.

“Amma kada ki damu, Hajiya, abu ne mai sauƙi,” ya ce yana murmushi. “Akwai kalmar sirri da ya ajiye a wurinmu. Shi kaɗai ya san ta. Ya faɗa da bakinsa, mu soke rahoton nan take. Yana ina?”