Baƙin Tabo a Bishiyar Mai Zuma

Mai zuma yana cikin 'yan sa kai da ke zaga daji suna duba wa masu bincike itatuwa saboda wata cutar bishiyoyi da ta ɓulla. Ƙa'idar ita ce, duk bishiyar da aka ga baƙin tabo a jikinta sai a ɗaura mata jan ƙyalle, in cutar ta tabbata a sare ta.

Ran Talata ya ga tabon a bishiyar da ke ɗauke da amyarsa bakwai, waɗanda ya gada wurin mahaifinsa. Kwana uku ƙyallen yana aljihunsa, a na huɗu ya daure ya ɗaura.

Malamar bincike ta zo ta kankare ɓawon da wuƙa, sai ga ciki kore shar. Ta shinshina yatsanta.

"Baba, a ina kake jingine bakin wuta in za ka ɗebi zuma?"

Ya sunkuyar da kai. "Nan dai."

"To ai hayaƙinka ne. Ashe kai ne cutar!"

Ya zauna a kan saiwa yana dariya, yana share ido. "Don Allah 'yar nan, kada matata ta ji. Har kuka na sa ta yi da na ce mata za a sare bishiyar."