Kwalliyar Bindigar Gajere

Ni Ƙande har gobe ban ga laifina ba. Abin da za a kai gidan manya ai ba a kai shi da dauɗa.

Maigidana Gajere ya yi gardi, wato ɗan sandan Nasara, shekara ashirin a Magarya. Da ya ajiye aiki muka koma Dungas, aka bar masa tsohuwar bindigarsa ta soja, irin mai sakata, wadda ake ja baya a cusa harsashi ɗaya a tura. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Kura ta addabi garke, a aiko wa Gajere, harbi ɗaya magana ta ƙare. Da ita ake ganin girmansa a garin nan.

Sai ga sabon kumandan, Nasaran da ke mulkin Magarya, ya zo rangadi. Ashe mutumin mayen tsofaffin bindigogi ne, an ce bangon ɗakinsa cike yake da su. Ya karɓi ta Gajere yana jujjuya ta, yana shafa wani ƙaramin rubutu a jikin ƙarfen, har da sunsunawa! Wakili tafinta ya ce Nasara na so, a kai masa Magarya ran kasuwa, zai ba da sabuwa ta harbin zabi. Wa zai ce wa kumandan a'a?

Gajere ya daina cin tuwo. Tausayinsa ya kama ni, wallahi. Amma da na dubi bindigar sai kunya ta rufe ni. Ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, itacen duk tabo. Haka za ta shiga gidan Nasara a ce matar Gajere ƙazama ce? Allah ya kiyaye!

Yana fita gona na naɗe ta a tabarma, sai maƙerar Manzo. Na ce, "Malam Manzo, a goge ta tas. Wannan zanen ma a share shi, dauɗa yake tarawa." Ya sa magagari ya ci rubutun nan sarai, ya bi ta da yashi da tsamiya har kana ganin fuskarka. Baduku ya rufe itacen da jar fata, ya saƙala mata tuntaye. Ni kuma na ƙara wuri guda bakwai. Kai, amarya!

Ran kasuwa muka tafi Magarya da ita a naɗe, ban warware tabarmar ba sai a gaban kumandan. Gajere ya buɗe baki ya kasa rufewa. Nasara kuwa ya yi jajir, ya lalubi rubutun bai samu ba, ya dafe kai yana zuba Faransanci. Na ɗauka yabo ne, har na fara gyara kallabi.

Wakili ya ce, "Uwar gida, wai rubutun nan shi ne shekarar haihuwarta. Shi yake so, da tabon. Wai yanzu ko kyauta ba ya so, ku kwashe abinku."

"Ya ce me?" Na miƙe. "Kwana biyu ana gurza ta!"

Gajere ya finciko ni waje, yana rungume da bindigar, kafaɗunsa na rawa. Na zaci kuka yake. Muna wuce kasuwa ya faɗi zaune cikin yashi yana ƙyaƙyata dariya, hawaye shaɓe-shaɓe. Ya tashi ya taka rawa, tsoho da shi, mata masu tallar fura suna tafa masa.

Na ce, "Maigida, an raina aikina kana rawa?"

Ya durƙusa gabana a bainar jama'a, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Ya ce, "Ƙande, kwana shida ina roƙon Allah Ya bar mini ita. Ban san ke zai aiko ba."