Yadda Inna Ta Ɓace a Akwatin Gwani Ɗanliti

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wani gidan wasa. Wataƙila saboda littafin da na kwanta da shi ne, irin na binciken nan da ake kashe ɗan wasa a bayan labule, kowa ya rantse yana kan dandamali a lokacin. Wataƙila kuma saboda mai rufa-idon da muka je kallo ranar Asabar, ni da Inna, mahaifiyata.

A gidan wasan mafarkin rana ce tsaka, amma an kunna fitilu don a samu duhu. Mu 'yan kallo aka jera a kan dandamali, shi kuma mai rufa-idon, Gwani Ɗanliti, yana ƙasa cikin kujeru shi kaɗai yana cin gyaɗa. A can sai an tafa tukuna ake yin abin mamaki. Muka tafa. Ya miƙe, ya kama kurciya, ya zaro hula daga cikinta.

"A hannun riga ya ɓoye," in ji Inna.

Rigarsa ba ta da hannu.

Ya jawo wani dogon akwati, ya tambaya wa zai shiga. Inna, wadda ciwon gwiwa ya hana ta tsallake dokin ƙofa sai an riƙe ta, ta tashi tsam, ta gyara mayafi, ta shige. Ya rufe, ya buɗe. Wayam. Mutane suka watse suna yabo, Gwani ya koma kan gyaɗarsa.

"Gwani, saura dawo da ita."

"Ranki ya daɗe, ni rabin sana'ar na koya. Mai dawo da mutane ya yi ritaya." Ya hure ɓawo daga tafinsa. "Ki hanzarta dai. Da la'asar kafinta zai zo ya mayar da akwatin bishiya."

Sai ga ni a ofishin bincike, a bayan labule. Ruwan sama yana tasowa daga ƙasa yana zuba a silin. Mai binciken jimina ce, Sufeto Kubura, tana tsaye a cikin lema don kada ƙafafunta su jiƙe. Ta riga ta yi wa labulen tambayoyi, ya ce shi a rufe yake, bai ga komai ba.

"Kin saba karanta irin waɗannan labarai?" ta tambaye ni.

"Sosai."

"Wa ke zama mai laifi?"

"Wanda ba a taɓa zargi ba."

"A cikinmu wa ba ki zarga?"

Na duba ɗakin. "Ke."

"To, shi ke nan." Ta ɗaura wa dogon wuyanta ankwa, ta ja kanta waje, tana gargaɗin kanta da kada ta yi gardama.

Bincike ya ƙare, amma Inna ba ta dawo ba. A nan ne na ji ƙirjina ya yi nauyi, irin nauyin da nake ji duk safiyar da na leƙa ɗakinta na tarar ba ta motsa ba tukuna.

Na sake ganin kaina a gaban akwatin. Inuwa ta fara tsawo. Kafinta ya iso, yana zaune a gefe yana shayar da gudumarsa ruwa. Gwani ya matso, ya rage murya.

"Bari in gaya miki sirrin, don kin yi haƙuri. Ban taɓa ɓatar da kowa ba. Ido kawai nake juyarwa. Tana nan, ke ce kike kallon wani wuri."

Na runtse ido, na kara kunne a jikin katakon. Yana da ɗumi, yana ƙamshin man zafin da nake shafa mata.

"Inna?"

"Na'am, Barira." Muryarta tana kusa, kamar daga tsakar gida. "Ke, wurin nan akwai daɗi. Ga inuwa, ga iska, gwiwar ma ta saki. Na hango babanku can yana gyara keke."

Babanmu ya daɗe da rasuwa. Na dafa murfin da hannu biyu.

"Inna, ki fito. Ban iya miyar kuka irin taki ba har yanzu."

"Kin iya, gishiri ne kike yi wa rowa."

"Inna, don Allah."

Kafinta ya miƙe yana karkaɗe wandonsa. Na ga wani ɗan ganye kore ya tsiro a kusurwar akwatin.

"To," in ji ta, cikin muryar da take yi idan na tashe ta shan magani. "Na gaya wa babanku ya jira, ai ya saba. Buɗe mini."

Aka fara bugun katakon daga ciki, da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Na laluba ban sami mariƙi ba. Bugun ya ƙaru, ya koma ƙarar ƙarfe.

Na buɗe ido. Mai ruwa ne yake dukan ƙofar gidanmu, jarkokinsa suna karo da juna a cikin kura. Daga ɗaya ɗakin kuma Inna tana ɗaga murya, wai shin duk gidan nan babu mai kunne ne, za a bar bawan Allah a tsaye.