Saitin Direba

Ranar da Mai Keke ta koma shagonta na ɗinki, wata biyar bayan rasuwar mijinta, ba ta yi kuka ba. Ta kakkaɓe ƙura, ta ɗiga wa keke mai, ta amsa gaisuwar maƙwabta har bakinta ya gaji da amin. Da rana ta faɗi ta rufe shago ta kama hanyar gida. Sai da ta karya kwanar layinsu, daidai rumfar mai faci, ta ɗaga kai yadda ta saba, ta hangi ƙofar gidanta duhu ƙirin. Nan ta tsaya cak.

Shekara shida fitilar ƙofar nan ba ta taɓa ba ta kunya ba, in dai akwai wuta. Matakala uku ce a ƙofar gidan, ta tsakiyar ta gutsure, ita kuma allura ta riga ta cinye mata ido, da zarar rana ta faɗi sai lalube. Wani yammaci ta zame a kai ta karye a wuyan hannu. Mijinta, wanda kowa ke kira Direba ko da yake ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba shi da sitiyari tuntuni, ya aika aka sayo masa makunni mai agogo, irin wanda ake sa wa a bango ya riƙa kunna fitila da kansa. Ya ce ba wani mai gyara da zai taka masa gida. Yini guda ya yi a jikin bangon falo, gefen taga, sukurudireba a hannun dama, hagun na rataye, yana zagin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Direba kuwa mutum ne da bai taɓa cewa "ban iya ba" tun da uwarsa ta haife shi. Da ya gama ya rufe ɗan murfin da ke fuskar makunnin, ya nuna ta da sukurudireba.

"Na saita. Kar ki buɗe murfin nan, Madam. Ke da kika iya ɓata rediyo da kallo kawai."

Ta ce masa in gidan ya kama da wuta ita dai ta san hanyar gidan ubanta. Amma abin ya yi aiki. Kullum tana karya kwana sai fitilar ta kama, kamar mai yi mata sannu da zuwa. Ta shigo ta same shi a kujerarsa, rediyo a cinya, ya ce "Kin dawo?" kamar bai san da zamanta a duniya ba.

Bayan rasuwarsa gidan ya cika da mutane, daga baya Auta, ƙaramar 'yarsu, ta zauna da ita wata huɗu. Wanda ya ga duhu sai ya danna, fitila ta kama, ba wanda ya lura da komai. Sai yau da gidan ya koma na mutum ɗaya.

Washegari ta hau kujera ta canja ƙwan fitilar, duk da ta san lafiyarsa lau. Da yamma ta karya kwana, duhu. Maƙwabcinta mai faci ya ce ai ɗauke wuta ke rikita irin waɗannan, ta kashe babban makunnin gida ta ƙirga goma ta mayar. Ta ƙirga ashirin ma don ta tabbatar. Da yamma, duhu. In ta danna da hannu fitila ta kama tar, amma ita ba wannan take nema ba.

Auta ta kira ta a waya.

"Mama, ki bari in aiko a cire shi. Akwai wata fitila yanzu, da ta ga duhu take kamawa, ba ruwanki da saiti."

"Ba a cire min komai."

"To ki dinga barin ta a kunne tun safe mana."

"Ke dai ba ki ji me na ce ba. Babanki ne ya saita ta. Yadda ya bar ta nake so."

Gaskiyar magana, kayansa duk an raba. Rigunansa sun tafi, sandarsa wani kawun su Auta ya ɗauka, rediyon ma Auta ta tafi da shi. Abu ɗaya ya rage a gidan da hannunsa ya taɓa kuma yake motsi, shi ma ga shi ya tsaya. Ta ji kamar mutumin ya sake mutuwa, wannan karon ba mai zuwa gaisuwa.

Ranar Asabar ta kira mai gyaran wuta, wani dattijo mai furfura a gemu da tabarau ɗaure da zare. Tun daga ƙofa ta kafa masa sharaɗi: ba canji, ba sabo, gyara kawai.

Ya danna, fitila ta kama. Ya danna, ta mutu. Ya kashe wutar gidan, ya kwance makunnin daga bango, ya bi wayoyin da ido da ɗan yatsa.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Maigidana. Da hannu ɗaya."

"Allah ya jiƙansa. Haɗin dai ba laifi, ya ɗaure su kamar mai ɗaure kaya a kan mota."

Ta ji daɗin maganar har ta kusa murmushi. Ya mayar da makunnin, ya dawo da wuta, sannan ya sa farce ya ɗaga ɗan murfin nan. Shekara shida ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ɗan allo ne kamar na agogon hannu, da ƙananan maɓallai guda biyar. Lambobin allon suna ta ƙyaftawa: sha biyu daidai, sha biyu daidai.

"Agogon ne ya ɓace," in ji shi. "Akwai ɗan batir a ciki mai riƙe saiti in an ɗauke wuta. In ya mutu, shi ke nan, sai abin ya manta komai. Ƙaramin aiki ne. Ƙarfe nawa take kamawa a da?"

"Ba ta da ƙarfe. In na karya kwana take kamawa."

"Eh, wato wajen ƙarfe nawa kenan?"

"Malam, ni tela ce, ina da lokacin tashi ne? Wata rana shida da rabi, wata rana bakwai ta wuce. Ko yaushe na karyo kwanar mai faci, sai ta kama. Haka ya saita ta."

Mai gyaran ya dube ta ta saman tabarau.

"Hajiya, wannan agogo ne kawai. Lokaci ya sani, bai san mutum ba. Ba shi da ido."

"To nawa yana da shi," ta ce, ranta ya fara ɓaci. "Shekara shida ina gani, za ka zo yau ka gaya min?"

Ya zaro ɗan aljihun batirin da bakin sukurudireba, ya kai shi kusa da taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsu biyu ya jawo wani ɗan siririn roba ja, bai kai farce tsawo ba, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Kin ga wannan? Daga kamfani yake zuwa, don kar batir ya ci kafin a sayar. Ranar da aka ɗaura makunni ake cire shi. Wannan ba a taɓa cirewa ba." Ya yi gyaran murya. "Na duba ciki kuma, ba saiti ko ɗaya. Ko an yi, ɗauke wutar farko za ta share shi. Abin nan bai taɓa kunna fitila da kansa ba, Hajiya. Da hannu ake kunna ta."

"Wane hannu? Ni ina shago, shi kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Idonta ya sauka a kan bango, tsakanin makunnin da taga, inda fenti ya yi wani baƙin tabo mai maiƙo, daidai tsayin kafaɗar mutum. Sau nawa ta goge tabon nan da soso tana mita? Ta ɗora wa jikoki laifin, ta ɗora wa mai fenti. Kullum ta goge, bayan wata guda ya dawo. A watannin nan biyar bai ƙara duhu ba.

Mai gyaran ya bi idonta da kallo, ya ga abin da ta gani, sai ya sunkuyar da kai ya shiga tattara kayan aikin da ba su watse ba.

Ashe takardar bayanin makunnin ce ta gagari Direba. Ta tuna shi a ranar da ya ɗaura abin, yana nesanta takardar da idonsa yana kusantowa, rubutun ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, daga ƙarshe ya cusa ta a aljihu ya ce shirme ne, shi ya riga ya gane. Ya gwammace ya tashi kullum da ya ce a taimaka masa. Shi yake kulle ƙofa kafin su kwanta, ashe a nan yake kashewa. Wannan mutum, wannan mutum mai taurin kan tsiya.

"In saita miki?" mai gyaran ya tambaya a hankali. "Ko in bar shi yadda yake?"

Ta kalli ƙofa. Matakalar tsakiya dai tana nan a gutsure, idonta kuma bai ƙaru ba.

"Saita," ta ce. "Shida da kwata."

Bai fi minti uku ba ya gama. Ya sa sabon batir, ya daddanna, ƙyaftawar ta tsaya. Abin da ya gagari Direba shekara shida kenan.

Bayan ya tafi ba ta koma shago ba. Ta zauna a kujerar mijinta, ɗan robar nan a hannunta, har rana ta yi sanyi. Sannan ta tashi ta ƙirga taku daga kujerar zuwa taga: tara, da ƙafa biyu masu lafiya. Ta jingina kafaɗarta a kan tabon, ta ɗage labule kaɗan. Ga layin nan a miƙe, ga rumfar mai faci, ga kwana, tsaf kamar an auna. Daga kujera ba a hango komai. Sai mutum ya tsaya a nan.

Ta saki nauyinta a kan ƙafa ɗaya, yadda yake tsayuwa. Kafin minti biyar cinyarta ta fara rawa.

Sai ranakun suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta tsaya ƙarasa rigar wata mata mai gaggawa. Ranar da ta biya kasuwa neman zare. Ranakun da ba komai, hira ce kawai ta yi daɗi da mai shagon kusa, har awa guda da rabi, tana cewa ai ba sauri, mutumin yana can da rediyonsa. Kuma kullum ta shigo ta same shi a kujera yana haki, goshinsa da gumi, ta hau shi da faɗa: ba ka sha maganinka ba ko, mutum yana zaune yini guda yana haki kamar wanda ya yi dako. Shi kuma ya murɗa rediyo ya ce, "Kin dawo?"

Shida da kwata daidai makunnin ya yi ɗan ƙara a gefen kunnenta, ƙas. Haske ya zuba a kan matakala uku. Ba kowa a kwanar.

Kukan da ba ta yi a shago ba, wanda ba ta yi sosai ba ko ranar da aka fita da gawar Direba, a nan ya same ta, a tsaye, kafaɗarta a inda tasa take. Tana cikin haka waya ta yi ƙara. Auta ce.

"Mama, mai gyaran ya zo? An dace?"

Ta share fuska da bakin mayafi, ta jira muryarta ta dawo.

"An gyara," ta ce. "Yanzu da kanta take kamawa."