Dutsen da Ya Ajiye Mini

'Yata Lungile ta ce haukacewa nake shirin yi. Na ce mata to ta yi hattara, abin gado ne. Ta yi tsaki ta miƙo mini makullin mota.

Tun bara muke wannan ja-in-ja a kan babanta. Mijina Velaphi ya fara da manta inda ya ajiye hula, ya koma manta hanyar coci, har ranar da ya bar murhu a kunne ya fita neman shanun da ubansa ya sayar tun kafin a haifi Lungile. Ita ta samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi a Pietermaritzburg. Ni kuma na kafe.

"Mama, bai ma san ke ba ce," in ji ta. "Wa kike yi wa wannan wahalar?"

Na ce, "Bar ni in kai shi tsaunin garinsu. In ya kira sunana sau ɗaya, a gida zai zauna. In bai kira ba, ki zo ki ɗauki abinki."

Tun da aka kai shanun sadakina bai taɓa kirana da sunana na yanka, Khethiwe, ba, sai MaZwane, da sunan gidan ubana, yadda ake kiran matar aure. Yanzu kuwa "baiwar Allah" yake ce mini, cikin ladabi, har da ɗan rusunawa. Wallahi gara ya zage ni.

Da la'asar muka isa masaukin da ke gindin tsaunin Ukhahlamba, inda muka kwana a shekarar aurenmu. An cire rufin ciyawa an sa kwano, an kuma shafa wa bango wani kore mai tayar da zuciya. Tsoho Hlongwane da ke tsaron wurin ya rasu, 'yarsa MaHlongwane ce ke riƙe da shi, wata ƙatuwar mace mai dariya kamar ana juye tsakuwa. Ta kawo mana tuwon masara marmashe da nono mai tsami.

"Baba, ci ka ƙoshi," in ji MaHlongwane. "Tsaunin nan ba ya jin Turanci, tuwo kawai yake ji."

Velaphi ya yi dariya, ya ci, ya suɗe cokali. Sannan ya nuna ni da haɓa ya rage murya. "Ita ma baiwar Allahn nan ku ba ta. Tun safe take bina, ban ga ta ci komai ba."

MaHlongwane ta dube ni, ni kuma na dubi kwanona. Da ta zo kwashe kaya ta matse mini kafaɗa. Na ji haushin tausayin nan nata fiye da yadda ya kamata.

Da safe na ɗaure masa igiyar takalmi, don ya daina iyawa, muka kama hanya. Hanyar ba ta canza ba, mu ne muka canza. Gwiwoyina suna ƙara a kowane hawa, numfashina yana fita da kyar. Shi kuwa da a gida sai an riƙe masa hannu zuwa banɗaki, yana taka ciyawar nan sai ya miƙe kamar an zare masa shekaru. A gindin tsaunin nan aka haife shi, nan ya yi kiwo. Ya tsallake rafi ba tare da ya dubi ƙafarsa ba. Ya tsaya ya nuna mini inda birai ke sauka shan ruwa. Na fara sa rai zai tuna ni, abin da na daɗe da hana kaina.

Na yi ta jefa masa ƙugiya. "Baban Lungile, ka tuna nan na zame na jiƙa siket?" Ya ce, "Ayya, sannu." "Ka tuna kogon da ruwa ya tsare mu?" Ya ce kogo ne mai kyau, makiyaya na kwana a ciki. Kowane dutse ya san shi, kowane kwari ya san sunansa. Ni kaɗai ce baƙuwa a tsaunin.

Rana ta kusa tsakiya muka kai mashigar da ke tsakanin ƙololuwa biyu, inda isivivane yake, tarin duwatsun matafiya. Duk mai wucewa sai ya cire takalmin hagu, ya ɗauki dutse da yatsun ƙafa, ya karɓa da hannun dama, ya tofa masa yawu ya jefa a kan tarin, don hanya ta yi masa kyau. A zuwanmu na farko sanyi ake yi mai shiga ƙashi, ni kuma 'yar birni, na rantse ba zan cire takalmina ba ko kakannin duniya za su taru. Ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki dutse na biyu ya jefa a madadina. Shekara da shekaru yana ba baƙi labarin nan, har na gaji da jinsa.

Na tsaya kawai ina kallo.

Ya zauna, ya kwance igiyar da ya kasa ɗaurewa da safe, ya zare safa. Ya lalubi dutse da yatsun ƙafa, ya karɓa, ya tofa, ya jefa. Sai ya sake miƙa ƙafar. Ya ɗauki na biyu.

Na ce, "Wannan na wa ne?"

"Na MaZwane ne," ya faɗa yana murmushi. "Ba ta cire takalmi, ko za a yanka ta."

"Ga ni, Baban Lungile. Ga ni nan."

Ya ɗago ya dube ni sosai, ido cikin ido, ya daɗe. Na cire hular sanyi don ya ga fuskar da kyau. Na tsaya kamar yarinyar da ake duba wa tsafta a makaranta.

"Kin san ta ne?" ya tambaya, fuskarsa ta washe. "Wata siririya, mai bakin tsiya? Tana baya. Hawa na ba ta wuya, amma kada ki gaya mata na faɗa." Ya jefa dutsen, ya matsa gefe ya share mini wuri da tafin hannu. "Zauna, baiwar Allah, mu jira ta."

Na zauna. Muka zuba wa hanyar ido, ni da shi, har inuwar ƙololuwa ta fara rufe kwarin. Ba kowa sai iska da wani tsuntsu da ke shawagi. Lokaci lokaci yakan miƙa wuya ya ce, "Kamar ita ce can," sannan ya koma. Ban taɓa ganin mutum yana jiran wani da irin wannan farin ciki ba, kuma ban taɓa jin kishin kowa kamar yadda na ji kishin yarinyar nan ba. Sunan ya fito daga bakinsa, na ji da kunnena. Da zan gaya wa Lungile haka in yi shiru, da ba ta da ta cewa. Amma na san abin da muka yi alkawari a kai, kuma ba shi ba ne wannan.

Hazo ya fara gangarowa, ƙafarsa tsirara ta yi fari don sanyi. Na durƙusa na sa masa safa, na ɗaure igiyar. Na ce ya tashi mu sauka, ya ƙi.

"In ta iso ba ta same ni ba fa?"

Na ciro wayata, wadda ko sabis babu, na kara a kunne na ɗan jima. Sannan na ce, "Ita ce. Ta ce ta gaji ta koma. Ta ce Lungile za ta zo jibi da mota ta kai ka inda take."

Ya girgiza kai yana dariya, ya miƙo mini hannu in tashe shi.

"Haka take," in ji shi. "Amma dai ki gaya mata na ajiye mata dutsenta."