Tsagar Gobirawa a Bangon Dakta

Dakta Nabil, tsohon likitan da Sagiru yake tuƙawa a Doha, ba shi da abin so kamar tsofaffin zanen yaƙi na Faransawa, irin waɗanda ake kartawa a farantin tagulla, a shafa tawada, a danna a takarda. Ya cika falonsa na unguwar Al Gharrafa da su: ramuka, matattun dawakai, sojoji cikin taɓo. Sagiru dai nasa ɗauka da ajiyewa, yana mamakin mai kuɗin da ya rasa abin ratayawa sai gawawwaki.

Ranar da aka kawo wani sabo, Dakta ya tsuke baki.

"An cuce ni. Dubi fuskar baƙin sojan nan, duk an kakkarce ta."

Sagiru ya leƙa, ya ƙara matsowa kusa.

"Ba ɓaci ba ne, Dakta. Tsagar Gobirawa ce. Ƙirga, shida a wannan kunci, bakwai a wancan."

Daga nan fa baki ya ƙi rufuwa. Ya ba shi labarin Ɗantala, mahaifin kakarsa Habiba, wanda Faransawa suka kwashe daga Tibiri lokacin yaƙin duniya na biyu, ita tana cikin mahaifiyarta. Bai dawo ba, ko hularsa ba a gani ba. Shi ne a takardar? Allah masani. Amma tsagar gidansu ce, babu tantama.

Dakta ya sa aka kira tsohuwar a waya. Ta yi ta zuba, Sagiru yana fassara, shi yana rubutawa. Da aka ce za a tura mata hoton, ta yi dariya.

"Wane hoto, ɗan nan? Ido ya daɗe da tafiya. Ni yanzu da yatsa nake gani."

To, irin wannan zanen tawadarsa tasowa take yi a kan takarda, yatsa yana jin kowane layi. Dakta da kansa ya kama hannun Sagiru ya ɗora, ya ji tsagar ɗaya bayan ɗaya. Sannan Dakta ya dafa ƙirji.

"Hutunka na zuwa ka kai mata. Nata ne, khalas, magana ta ƙare."

Sagiru ya yarda, don shekara shida yana buɗe wa mutumin nan ƙofar mota bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya faɗa wa abokan ɗakinsa a unguwar Bin Omran, ya faɗa wa kakar, ita kuma ta faɗa wa duk wanda ya shigo gaishe ta.

Saura kwana biyar ya tafi gida, Dakta ya ba shi wani faffaɗan kwali ya kai ofishin aika kaya kusa da filin jirgi. Ya kai, har yana roƙon ma'aikatan su riƙe shi a hankali. Sai da ya dawo ya ga ƙusa tsirara a bango, inda zanen sojan yake a rataye.

"Wani mai tara irinsu a birnin Faris ya karanta labarin kakarka da na rubuta, ya nace sai na sayar masa," in ji Dakta, ko kunya babu. "Da can zanen banza ne, kai ka ba shi daraja. Amma ban manta da ita ba."

Ya miƙo masa ambulan. Kwafi ne na inji, wai ya ma fi na asalin fitowa.

Zuciyar Sagiru ta yi baƙi ƙirin. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da hannunsa ya sa Ɗantala a jirgin Faransa karo na biyu.

Ya koma mota ya zauna, sai ga saƙon muryar kakar daga gida.

"Sagiru, na sa an yanke mini farce, kada in ji wa fuskar Baba ciwo. Yaushe za ka iso?"

Ya zaro kwafin, ya rufe ido, ya bi kuncin sojan da yatsa. Sumul, babu ko layi ɗaya.